Yadda Malami Ke Daidaita Littafin Turanci da Ɗaliban Sakandare

A Nijeriya, hukumar NERDC da aka kafa a 1988 ita ce ke tsara manhajar makarantu, kamfanonin ɗab'i kuma su rubuta littattafai a kanta. Littafi ɗaya ne ake karantawa a Legas da Inugu da Gumel, alhali yaran da ke riƙe da shi ba ɗaya ba ne. Wani da Turanci ya tashi a gida, wani kuwa ba ya jin sa sai a cikin aji. Amma a ƙarshen shekara shida ta sakandare jarrabawa ɗaya ke jiran su, ta WAEC ko ta NECO, kuma wanda bai samu kiredit a Turanci ba zai sha wahalar shiga jami'a. Saboda haka littafin kamar riga ce da aka ɗinka don kasuwa: sai tela ya rage nan, ya ƙara can, kafin ta zauna a jikin mai ita. Malami shi ne wannan tela.

Hanyoyin daidaitawa

A littafinsu na 1993, masana biyu 'yan Birtaniya, Jo McDonough da Christopher Shaw, sun kasa wannan aiki gida biyar: ƙari, ragi, sauyi, sauƙaƙawa da sake jeri. Ƙa'idar da ta ɗaure su duka ita ce, ana canza hanya ne, ba a canza inda aka nufa. Idan manufar darasi ita ce ɗalibi ya iya rubuta wasiƙa zuwa ga hukuma, malami na iya ajiye batun da littafi ya bayar, ya ce su rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma kan rijiyar burtsatsen unguwa da ta lalace. Sigar wasiƙa tana nan, adireshi biyu da kanu da rufewa, sai dai yanzu yaro yana da abin faɗa.

Rage nauyin kalmomi

Babban abin da ke karya gwiwar ɗalibi shi ne cunkoson baƙin kalmomi. Michael West, wani malami Bature da ya koyar a yankin Bengal na Indiya a shekarun 1920, ya lura cewa littattafan karatun yara suna jefo sababbin kalmomi kusa da kusa, wasu ma tsofaffin kalmomin adabi ne da ba a jin su a bakin kowa. Sai ya yi abu biyu. Ya musanya kalmomi masu wuya da waɗanda aka saba, misali ya cire "isle" ya sa "island". Sannan ya tsawaita labaran domin sababbin kalmomi su samu tazara, kowace ta maimaitu kafin wata ta shigo. A 1953 ya wallafa jerin kalmomi kusan 2,000 da suka fi yawo a Turanci. Binciken da Hu da Nation suka fitar a 2000 ya ƙarfafa ra'ayinsa: mai karatu na bukatar sanin kusan kashi 98 cikin ɗari na kalmomin rubutu kafin ya fahimce shi ba tare da taimako ba. Wato a rubutu mai kalma 300, baƙin kalmomi shida kawai zai iya ɗauka.

Malamin da ya san haka, kafin darasin auna fahimta, zai karanta nassin da fensir a hannu. Kalmomin da ma'anar labarin ta rataya a kansu zai koyar da su tun farko a allo. Waɗanda za a iya gano ma'anarsu daga muhallinsu zai bar wa ɗalibai su lalubo. Sauran sai ya musanya su.

Amfani da abin da yaro ya zo da shi

A ce littafi ya kawo darasin jimlar da ba a ambaci mai aiki a cikinta ba, ya kuma ba da misali da yadda ake matse manja. Yarinyar da ta tashi a Bichi wataƙila ba ta taɓa ganin bishiyar kwakwar manja ba, amma ta san ƙuli-ƙuli ciki da waje. Malami ya tambaye ta matakan: ana soya gyaɗa, ana murje ɓawon, ana niƙawa, ana matse mai, ana mulmula tunkuza a soya. Wannan "ana" ta Hausa tana yin aiki irin na sigar Turancin da ake son koyarwa, don haka sai a juya jimlolin ɗaya bayan ɗaya. Idan sigar ta zauna, sai a koma ga nassin manja, yanzu abu ɗaya kawai ya rage baƙo, wato batun.

Haka furuci yake. Littafin ƙasa yana ƙoƙarin magance matsalar kowa. Zai ba da atisaye kan sautin "h", wanda ke kuɓuce wa masu jin Yarbanci da yawa, alhali Bahaushe ba ruwansa da wannan. Matsalarsa tana wajen bambanta "p" da "f", da "v" da "b", da kuma cusa wasali tsakanin baƙaƙen da suka haɗu, irin yadda aka samu burodi da sukurudireba. A nan ragi da ƙari ke haɗuwa: a taƙaita na farko, a tsawaita na biyu da kalmomi irin su "pan" da "fan".

Inda ake tuntuɓe

Sauƙaƙawa idan ta wuce gona da iri cuta ce. Wasu kan datse dogayen jimloli har su zubar da kalmomin haɗi masu nuna dalili da saɓani da sakamako, alhali su ne ke riƙe da ma'ana, kuma su ake bukata a sashen taƙaitawa na jarrabawa. Haka nan malamin da ya mayar da kowane misali na ƙauyensu ya tauye ɗalibansa, domin karatu na nufin su san abin da ba su sani ba. Wani kuma yakan tsallake darasi ba don bai dace da yara ba, sai don shi kansa bai iya shi ba. Wannan ba daidaitawa ba ce.

Ma'aunin aikin mai sauƙi ne. Bayan an gama darasin da aka gyara, a miƙa wa ɗalibi nassin asali kamar yadda yake a littafi. In ya karanta ya amsa tambayoyinsa, gyaran ya yi amfani, kuma ya kamata malami ya rubuta abin da ya yi a gefen shafi domin wanda zai karɓi ajin baɗi. In kuwa ya kasa, sai a sake duba inda aka rage fiye da kima.