Hasumiyar Fitila ta Ankara

A Ankara, babban birnin Gana, akwai wata hasumiya a bakin teku, mai launin ja da fari. Turawan Ingila suka gina ta fari a 1871. Wadda ke tsaye yanzu an gina ta bayan 1930, tsawonta mita 28.

In ka je, matakala ce mai murɗewa za ta kai ka can ƙoli, wurin fitila. Sai mai ƙarfin gwiwa!

Me ya sa aka gina ta? Da dare matuƙin jirgi ba ya ganin gaɓa, balle duwatsu. In ya kuskure hanya, jirgi ya fashe, mutane su hallaka. Kowace hasumiya kuwa da irin ƙyaftawar fitilarta. Matuƙi ya ƙidaya, ya duba littafinsa, sai ya san garin da ke gabansa.