Dusar da Ake Ba Awaki: Ciwon Suga da Ƙwayoyin Hanji

Wanda ya bi ta Ƙofar Kwaya da sassafe zai ga cimar Katsinawan yau a kan teburin mai shayi: burodi, indomi da ƙwai, da shayin da aka zabga wa suga. Da rana shinkafa ce ko taliya, a kora da lemon kwalba. Kakannin masu cin nan kuwa kunu da fura suka sani, da tuwon dawa miyar kuka, da dambu mai zogale. Likitoci sun daɗe suna cewa wannan sauyi, haɗe da yawan zama, shi ke jawo ƙiba da ciwon suga irin na manya. Abin da bincike ya ƙara ganowa shi ne, akwai wasu masu cin abincin tare da mutum, kuma su ma sauyin ya taɓa su.

Waɗannan su ne bakteriyar da ke zaune a hanji. Wani ƙiyasi na 2016 ya ce jikin baligi yana ɗauke da kimanin tiriliyan 38, mafi yawansu a babban hanji. Jama'a da sun ji an ce ƙwayoyi sai su tuna taifot da kwalara, alhali galibin na hanji ba su cutarwa, wasu ma ba a samun cikakkiyar lafiya sai da su.

Abincinsu shi ne abin da cikin mutum ya kasa narkarwa, wato dusar hatsi, da ɓawon wake, da zaren ganye da kuɓewa, abin da masana ke kira faiba. Idan ya isa babban hanji, sai ƙwayoyin su tsima shi su fitar da wasu sinadarai. Ɗaya daga ciki, butiret, shi ne babban abincin fatar da ta lulluɓe hanji ta ciki. Sinadaran kuma suna sa hanji ya saki wani saƙo cikin jini wanda ke taimaka wa fitowar insulin mai sauke suga a jini, yana kuma sa mutum ya ji ya ƙoshi.

Fatar nan ta hanji tamkar ganuwar birni take, mai ƙofofi da masu gadi: abinci ya shige jini, ƙazanta ta tsaya waje. Idan masu samar da butiret suka yi ƙaranci, ganuwar takan yi rauni, ɓarɓashin bakteriya ya riƙa silalewa cikin jini. Jiki sai ya shiga wani ƙaramin kumburi na ciki wanda ba ya zafi, ba ya kuma ƙarewa, kuma irin wannan kumburi yana sa tsoka da hanta su daina jin maganar insulin. Daga nan suga ya taru a jini. A jikin ɓeraye aka fara nuna illar wannan ɓarɓashi a 2007, a binciken Patrice Cani da abokan aikinsa.

A jikin mutane kuwa, wani babban bincike da aka buga a 2012 ya duba bayan gidan mutum 345 a ƙasar Sin. An tarar masu ciwon suga suna da ƙarancin ƙwayoyin da ke yin butiret, irin su Roseburia, kuma masu cutarwa idan sun sami dama sun ƙaru. Shekara guda bayan haka aka ga makamancin wannan a tsofaffin mata 145 a Suwidin.

Najeriya ma an duba. A 2020 Ayo Doumatey da Charles Rotimi da abokansu suka fitar da sakamakon mutum 291 a Ibadan, 98 masu ciwon suga, 193 marasa shi. Wata mai samar da butiret, Clostridium butyricum, ta ragu a masu ciwon, yayin da Desulfovibrio piger, mai fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta ƙaru. Batun ya shafi mutane da yawa, domin Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a ƙasar nan, kuma a duniya fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga irin na manya ne ke damunsu.

Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nuna wanda ya haifi wani. A 2015 masana suka sake nazarin bayanan mutum 784 daga Danmak da Suwidin da Sin, suka gano cewa wani ɓangare na bambancin da ake gani aikin metformin ne, maganin da kusan kowane mai ciwon suga ke fara sha. Shi kansa maganin yana sauya ƙwayoyin hanji, kuma ana danganta hakan da kumburin ciki da gudawar da wasu ke yi a farkon shan sa. Amma ko da aka ware tasirin maganin, ƙarancin masu yin butiret yana nan. A Amsterdam kuma, a 2012, an ɗebi ƙwayoyin hanjin sirarran mutane aka saka wa maza masu ƙiba. Bayan mako 6 jikinsu ya fi jin insulin, amma gwajin da ya biyo baya ya nuna amfanin ya ɓace kafin mako 18.

Abin da ya fi ba da tabbaci shi ne abinci. A 2010 aka kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da yaran birnin Florence na Italiya. Yaran ƙauyen sun fi yawan nau'o'in ƙwayoyi, sun kuma fi yawan sinadaran nan masu amfani. Cimarsu ita ce cimar ƙauyukan Katsina da Maraɗi. A 2018 kuma ayarin Liping Zhao a Sin ya raba masu ciwon suga 43 gida biyu, duka suna shan magani iri ɗaya, amma aka cika wa gida ɗaya abinci da faiba. Bayan mako 12, kashi 89 cikin 100 na masu cin faibar sun kai matakin sugan da likitoci ke nema, a ɗaya gidan kuwa rabi ne suka kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya ci aƙalla giram 25 na faiba a rana. A gidajenmu kuwa ana surfe gero da dawa tas, a ba awaki dusar, mutane su ci farin gari. Rage surfe, da ƙara wake a shinkafa, da yawaita kwaɗon rama da zogale, da miyar kuka da kuɓewa da yakuwa, duk suna mayar wa hanji abin da ya rasa. Amma gero da dawa sitaci ne, mai ciwon suga da ya cika kwano da tuwo suga zai hau. Fura da kunu ma idan aka zuba masu suga an ɓata lissafi. Kindirmo yana da ƙwayoyi masu amfani, muddin an tafasa madarar kafin ta yi barci.

Akwai kuma al'adar shiga kyamis a sayi Flagyl ko Ampiclox da zarar ciki ya murɗa. Irin waɗannan magunguna ba su tantance mai cuta da mai amfani, kuma hanji kan ɗauki makonni ko watanni kafin ya farfaɗo. Haka nan masu tallar maganin wankin ciki da lasifika, babu wata shaidar kimiyya cewa gudawar da suke sa mutum tana gyara ƙwayoyin hanji ko tana sauke suga, kuma ga mai ciwon suga zubar ruwan jiki haɗari ne ga ƙoda.

Wanda metformin ke ɓata wa ciki ya koma wa likita, domin akan fara da kaɗan, a sha tare da abinci, ko a sauya masa da nau'in da ke narkewa a hankali. Har yanzu kuma da jini ake gane ciwon suga, ba da bayan gida ba. Mai yawan fitsari da ƙishirwa, ko rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya je Babban Asibitin Katsina ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a auna shi da safe kafin ya karya. Idan awon ya kai 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin, akan maimaita shi wata rana kafin a tabbatar a ɗora mutum kan magani.