Arlit: Yadda kacici-kacici ke haɗa kan matasan garin yuraniyom

A Arlit, garin da ke da nisan kusan kilomita 240 arewa da Agadas, kusan kowa baƙo ne ko ɗan baƙo. An kafa garin ne a ƙarshen shekarun 1960 saboda haƙar yuraniyom, inda kamfanin SOMAÏR ya fara aiki a 1971, sannan COMINAK ya biyo baya a Akokan a 1978. Ma'aikata sun kwararo daga Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai, suka tarar da Buzaye a ƙasarsu. Hausa ce ta zama harshen kasuwa da na tasha, da ita kuma yaran unguwa ke wasa.

Wannan cakuɗa ce ta ba wasannin kaifafa ƙwaƙwalwa muhimmanci a wajen samari da 'yan mata. Yaron da ake yi wa Zabarmanci ko Buzanci a gida, idan aka ce masa "Baba na ɗaka, gemu na waje" ya amsa da wuta da hayaƙi, ya nuna Hausarsa ta wuce ta cinikin tumatir. Haka wanda ya gane cewa "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" tsintsiya ake nufi. Wanda ya kasa kuwa, bisa al'ada sai ya "ba da gari" kafin a faɗa masa amsa.

Wasan bai tsaya nan ba. Akwai karangiya, irin ta kwaɗo da ƙato da ƙoto, wadda ke tona asirin wanda bai bambance "k" da "ƙ" ba. Akwai zaurance, inda ake cusa wata gaɓa cikin kowace kalma don a ɓoye zance ga manya. Su ma Buzaye suna da nasu salon maganar cikin hikima da suke kira tangalt, kuma rubutunsu na Tifinag, da yake galibi ba a sa wasula, karanta shi kan zama wasan ƙwaƙwalwa.

Sai dai rayuwar garin ta sauya. An rufe COMINAK a ranar 31 ga Maris, 2021, ɗaruruwan ma'aikata suka rasa aiki, wasu iyalai suka koma garuruwansu. A watan Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta ƙwace SOMAÏR daga hannun kamfanin Orano na Faransa. A fada, inda samari ke zaman shayi, wayar salula na cinye lokacin da a da ake hira.

A 2025 ɗin ne kuma aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Harshen da zai ɗauki wannan nauyi yana buƙatar matasan da suka iya sarrafa shi, kuma kacici-kacici makaranta ce da ba ta neman kuɗi ko littafi. Malami zai iya buɗe darasi da guda ɗaya, ɗan Arlit da ke Aljeriya ko Faransa zai iya aika wa ƙannensa ta WhatsApp.

Garin ma bai rasa abin ƙirƙiro sababbi ba. Ga ɗaya a gwada: an haife ni a Arlit, amma a ƙasar wasu nake kunna fitila. Wanda ya kasa, sai ya ba da gari.