Wa zai yi mana fim ɗin Haɗejia?

Lissafa finafinan Hausa goma da ka kalla bana. Nawa ne babu soyayya da rawa? Farfesa Abdalla Uba Adamu ya daɗe yana nazarin yadda Kannywood ke kwaikwayon Indiya. Furodusa kuwa asara yake tsoro, shi ya sa ba ya sauya salo.

To kai ɗan Haɗejia da ba ka da uban gida, me kake jira? Ga yaƙin 1906 da Turawa suka kashe Sarki Muhammadu. Ga Sarki Buhari da ya bijire wa Sakkwato. Ga ambaliyar 2022. Wayarka da YouTube sun isa gajeren fim. In ka tsaya jiran Kano, wata rana za ka ga Sarki Buhari yana rawa a lambu.