Kwana a Tanti a Bakin Tekun Zanzibar: Abin da Hoto Ba Ya Nunawa

Da wuya a samu ɗalibin da ke leƙa Instagram ko TikTok bai taɓa cin karo da irin hoton nan ba. Farin tanti a kan farin rairayi, a ciki an kafa katafaren gado da gidan sauro, ƙofa a buɗe, shuɗin teku ya miƙe iya ganin mutum. Turawa suna kiran irin wannan kwana da suna glamping. Kalmomin Ingilishi biyu aka haɗa, ɗaya mai nufin ƙawa, ɗaya mai nufin kwanan daji a tanti. Kalmar sabuwa ce, don sai a shekarar 2016 ta shiga babban ƙamus na Oxford. Mu a wannan shafi za mu kira shi zangon alfarma, tunda zango dai shi ne inda fatake ke sauke kaya su kwana kafin su ci gaba da tafiya.

Sunan ne sabo, amma abin tsoho ne. A shekarar 1520 Sarki Henry na Takwas na Ingila da Sarki Faransuwa na Ɗaya na Faransa sun yi wata ganawa a fili, kowa ya kafa tantunan da aka ƙawata da zaren zinariya don ya nuna wa ɗan'uwansa isa. Sarakunan Daular Usmaniyya ta Turkiyya ma idan sun fita yaƙi da tantuna masu kama da fada suke tafiya. Abin da ya canza yanzu shi ne duk mai kuɗi yana iya sayen dare ɗaya na wannan gata.

Don mu ga yadda abin yake a zahiri, mun zaɓi Zanzibar, tsibiran da ke Tekun Indiya, waɗanda suka haɗe da Tanganyika a 1964 aka samu ƙasar Tanzaniya. Manyansu biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja ce mutane suka fi kira Zanzibar, tsawonta kimanin kilomita 85 ne, kuma jirgin ruwa mai sauri yana kai mutum can daga Darussalam cikin kamar awa biyu. Pemba kuwa ta yi suna da noman kanumfari, wannan dai da iyayenmu mata ke jefawa a kunu da shayi. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kusan dukkansu Musulmi, kuma a shekarar 2023 kaɗai baƙi 'yan yawon buɗe ido fiye da 600,000 ne suka sauka.

Waɗanda suka riga kowa kwana a gaɓa

Tun kafin baƙo na farko ya zo da kyamara, akwai masu kwana a bakin tekun Zanzibar. Masunta ne. Suna da wata al'ada da ake kira dago da harshen Suwahili. Mutanen wani ƙauye sukan ɗauki jiragensu da komarsu su tafi wata gaɓa ko wani ƙaramin tsibiri inda kifi ya fi yawa a wannan lokaci, su kafa bukkokin ganyen kwakwa, su zauna makonni ko watanni. Kamar cin-rani ne, sai dai nasu iskar teku ce ke tsara shi. Daga wajen Disamba zuwa Maris iskar kaskazi ce ke busowa daga arewa maso gabas, daga wajen Afrilu kuma kusi ta karɓa daga kudu, ta fi ƙarfi, ta fi tayar da igiyar ruwa. Babbar damina, wadda suke kira masika, tana sauka ne tsakanin Maris da Mayu, kuma a lokacin wasu masaukan baƙi rufewa suke yi gaba ɗaya.

Mun fara da masunta ne saboda su ne suka san abin da baƙo ya fi yin kuskure a kansa, wato inda ruwa ke tsayawa.

Mu da muka saba da kogi da tafki mun san ruwa yana cika da damina ya janye da rani. Teku ba haka yake ba. Sau biyu yake cika ya janye a kwana ɗaya, kuma jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya ne ke haddasa hakan. A farkon wata da kuma daren sha huɗu zuwa sha biyar, lokacin da rana da wata da duniya suke kan layi ɗaya, cikar takan kai maƙura. Mutanen Zanzibar suna kiran waɗannan kwanaki bamvua, kuma tsakanin cika da janyewa ruwan kan yi bambancin kusan mita 4. A ƙauyukan Paje da Jambiani da ke gabashin Unguja, inda gaɓar take a shimfiɗe, teku yakan ja da baya ɗaruruwan mitoci har mutum ya ɗauka ya ƙaura. Wanda ya zo da la'asar ya ga fili fetal ya kafa tantinsa, cikin dare zai farka ya ji katifa tana iyo. Alamar da masu wurin ke dubawa a ƙasa take. Akwai wani layi na busasshiyar ciyawar teku da ƙirare da igiyar ruwa ke bari a kan rairayi. Tanti sai can sama da wannan layi, da tazara mai kyau.

Sauran dabarun ƙanana ne amma suna ceton mutum. Ba a kafa tanti a gindin kwakwa, don 'ya'yanta suna faɗowa ba sallama. Turakun tanti ba sa kama rairayi, don haka akan cika buhu da yashi a binne a ɗaure igiya a jikinsa. Garwashi kuma da ruwa ake kashe shi. Idan aka rufe shi da yashi yana nan da zafinsa har safe, yaron da ya zo wucewa ba takalmi shi zai taka.

Mai ƙaramin ƙarfi da mai hali

Matafiyi mai ƙaramin ƙarfi yakan nemi ƙaramin masauki a gaɓa, ya kama bukkar da aka yi wa jinka da ganyen kwakwa, wanda ake kira makuti, ko gado ɗaya a ɗakin da ake kwana da yawa, banɗaki na tarayya. Wanda ya zo da tantinsa kuwa sai ya nemi izinin mai masauki ya kafa a cikin harabarsa. Zuwa kawai a kafa tanti a duk inda ido ya yi wa kyau neman rigima ne. A dokar Zanzibar ƙasa ta hukuma ce, kuma kowace unguwa tana da shugabanta da ake kira sheha, kwatankwacin mai unguwa a wajenmu. Baƙon kirki ta ƙofarsa yake shiga. Haka kuma hukuma ta sha jan kunnen baƙi cewa kayan wanka na bakin ruwa ne, idan za a shiga gari a rufe jiki daga kafaɗa zuwa gwiwa. Tun daga Oktoban 2024 ma kowane baƙo daga waje sai ya sayi inshorar tafiya ta dala 44 kafin ya shiga.

Mai hali kuma ga irin su Fundu Lagoon a kudu maso yammacin Pemba, masaukin da ake zuwa ta jirgin ruwa. Ɗakunansa tantuna ne da aka kafa a kan dandamalin katako, aka yi musu rumfar makuti a sama, kowane da banɗakinsa. Irin waɗannan wurare dare ɗaya yakan ci ɗaruruwan daloli. Idan aka ce tanti, kada ku kawo na 'yan sikawut a ranku. Bangon ne kawai na yadi.

Ina ruwan wankan ya fito?

Ga tambayar da muke so kowane ɗalibi ya riƙa yi idan ya ga irin hoton can. Tsibiri ruwa ne ya kewaye shi, amma ruwan gishiri ne, ba a sha, ba a girki da shi. Gabashin Unguja kuma a kan dutsen murjani yake zaune, dutse mai ƙofofi kamar soso. Ruwan sama yana sauka ya zurare ƙasa nan take, shi ya sa babu koguna a wannan yanki. A can ƙarƙashi ruwan daɗi yana yawo ne a saman ruwan gishiri, saboda ya fi shi rashin nauyi. Malamin kimiyya zai iya nuna muku wannan da kofi ɗaya a aji. Idan aka yi ta zuƙo ruwan daɗin da injin burtsatse fiye da abin da damina ke mayarwa, sai na gishirin ya taso ya maye gurbinsa. Rijiyar ƙauye ta zama zartsi ke nan, kuma da wuya ta dawo.

A shekarar 2012 wata ƙungiya ta Birtaniya mai suna Tourism Concern ta fitar da rahoto a kan ƙauyukan gaɓar Zanzibar da otal-otal suka cika, irin su Nungwi da Jambiani. Ta ce baƙo ɗaya yana amfani da ruwan daɗin da ya ninka na ɗan gari sau 16 a rana. Wurin ninƙaya ne, ban-ruwan furanni ne, wankin tawul ne kullum. Mata da 'yan mata kuwa su ne ke ƙara nisan tafiya da jarka.

A nan ne muke ganin bai kamata a ruɗe mu da kalmar tanti ba. Masu talla suna son a ɗauka cewa duk abin da aka yi da yadi da ganyen kwakwa ba ya cutar da muhalli. Tantin da ke da na'urar sanyaya ɗaki da ɗan tafkin wanka a ƙofarsa ruwan da yake sha bai gaza na ɗakin siminti ba.

Rairayin ma da masu shi. Tun wajen 1989 matan Paje da Jambiani suke noman ciyawar teku, wadda suke kira mwani. Idan ruwa ya janye sai su shiga su kafa turaku, su ja igiyoyi, su ɗaura irin a jiki, bayan kamar mako shida su girbe su shanya. Ana fitar da ita ƙasashen waje a tatsi wani sinadari mai sa abu kauri, da ake sakawa a man goge baki da askirim. Abin da baƙo yake kallo a matsayin fili na ɗaukar hoto gonar wata ce, kuma duk shingen da masauki ya ja a gaɓa yana iya tare mata hanyar zuwa gona ko wurin shanya.

Sai kuma kunkurun teku. Macen takan fito da dare ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai kimanin ɗari, ta rufe ta koma. Bayan kamar wata biyu 'ya'yan su ƙyanƙyashe su nufi inda ya fi haske, wanda a asali shi ne saman teku. Fitila ɗaya a ƙofar tanti ta isa ta juyar da su zuwa tudu, inda ƙaguwa da tsuntsaye da zafin rana ke jiransu.

Chumbe

Akwai wurin da ya nuna ana iya yin abin ta wata hanya. Chumbe ɗan ƙaramin tsibiri ne da ke kudu maso yammacin birnin Zanzibar, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a jirgin ruwa. Wata Bajamushiya mai suna Sibylle Riedmiller ce ta fara fafutukar kare shi a 1991, kuma a 1994 gwamnati ta ayyana duwatsun murjanin da ke yammacinsa a matsayin wurin da aka hana kamun kifi. Bukkoki 7 kacal aka gina wa baƙi, don kada a yi wa wurin yawa.

Babu rijiya ko ɗaya a Chumbe, saboda babu ruwan daɗi a ƙarƙashinsa. Don haka aka yi jinkar kowace bukka da faɗi yadda za ta tare ruwan sama, ya bi ta matata ya taru a tankin da ke ƙarƙashin daɓe. Da hannu ake buga shi zuwa sama, rana ta ɗumama shi. Masan ba ya buƙatar ruwa ko kaɗan, abin da ya taru taki yake zama. Ruwan wanka kuma ana bi da shi ta cikin shuke-shuke su tsotse dattin, don kada kumfar sabulu ta kai ga murjani. Wutar lantarki ta sola ce. Baƙon da ya biya kuɗi mai yawa a nan dole ya yi tattalin ruwa kamar kowa, tunda abin da damina ta bari shi ke nan.

A tsibirin akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka gina a 1904, da wani ɗan tsohon masallaci a kusa da ita. Da dare kuma wata irin ƙaguwa takan fito daga ramukan dutse, mai hawa bishiya, wadda nauyinta kan kai kilo 4 kuma tana iya fasa kwakwa da ƙahonninta.

Kuɗin da baƙi ke biya shi ake biyan masu gadin murjanin da shi, kuma da yawansu tsofaffin masunta ne daga ƙauyukan da ke kusa. Da shi kuma ake ɗauko ɗalibai sa'o'inku daga makarantun Zanzibar, tare da malamansu, a kawo su yini guda kyauta. Da yawa daga cikinsu, musamman 'yan mata, a bakin teku aka haife su amma ba su iya iyo ba. Sai a sa musu rigar da ke hana nutsewa, a ba su tabarau na ruwa da bututun shaƙar iska, su riƙe taya mai yawo a kan ruwa, malami yana ja, su sunkuyar da fuska su ga kifin da suka saba gani a kasko yana kai da komo a gidansa.