Magaryar da A ke Kira Tuffa

Duk wanda ya shiga kasuwar 'Yan Lemo a Kano ya ga tuffa jere cikin kwali, ja da kore, tana ƙyalli. Yawancinta daga Afirka ta Kudu a ke kawo ta, shi ya sa ta ke da tsada. A kan saya wa mara lafiya guda ɗaya ko biyu. In an cinye, sai wani ya ajiye 'yan ƙwayoyin da ke ciki, ya ce zai shuka a garkarsa. To, kada ya wahalar da kansa.

Tuffa itaciyar ƙasar sanyi ce. Asalinta daga duwatsun Kazakistan ne, can tsakiyar Asiya. Kowace shekara sai ta zubar da ganye, ta yi barci cikin sanyi mai tsanani, kafin ta farka ta yi fure. Waɗansu iri su kan bukaci awa 800 ko fiye na sanyin da ya sauka ƙasa da awo 7 a ma'aunin zafi. Akwai wata da a ke kira Anna, wadda aka fitar a Isra'ila cikin 1959, ita kamar awa 300 ta ishe ta. Amma hunturunmu na Gaya da Ajingi, duk da yadda ya ke fasa mana ƙafa, da wuya ya kai can. A kan tudun Jos ne a ke ɗan samun ta a ƙasar nan.

Akwai kuwa wata tuffa da ƙasarmu ta ke so. A Nijar ana ce da ita tuffar Sahel. Ba tuffa ba ce ko kaɗan. Magarya ce, irin wadda ke tsaye a gefen gonakinmu, wadda yara ke kakkaɓa da kaka. Bambancinsu ɗaya ne: ita an yi mata gata.

A ƙasar Indiya manoma sun daɗe suna kiwon magarya kamar yadda mu ke kiwon mangwaro. In sun ga wadda 'ya'yanta suka fi girma da zaƙi, sai su riƙe ta, su yaɗa ta. Da haka suka sami iri dabam dabam, kowane da sunansa. Akwai Gola, mai 'ya'ya kewayayyu, wadda ta ke riga sauran nuna. Akwai Umran, mai manyan 'ya'ya dogaye, ita sai daga baya. Akwai Seb, wannan kalma kuwa ma'anarta tuffa da bakinsu. Ashe su ma sun ga kamar. Cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki ƙwarai wajen yaɗa waɗannan iri a Nijar. Wani masani mai suna Dov Pasternak, wanda ya kama aiki can cikin 2001, yana cikin waɗanda suka fi tsaya mata.

Yanzu bari mu dubi itaciyar da kyau, domin kada mai sayar da dashe ya ruɗe ku da suna. Ku ɗauki ganye ɗaya. Samansa kore ne mai santsi, yana sheƙi. Ku juya shi, ƙasansa fari-fari ne, da laushi kamar an barbaɗa gari. Jijiyoyi uku ne suka taso daga gindin ganyen, suka nufi bakinsa. Wannan ita ce shaidar magarya. Ganyen mai gata ya fi na daji faɗi, shi ke nan. Ƙayarta bibbiyu ce a gindin ganye, ɗaya a miƙe, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya, ita ce mai kama riga. Ta mai gata ba ta kai ta daji yawa ba. Furenta ƙanana ne, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, su kan fito gungu-gungu wajen ƙarshen damina. Ƙudan zuma da sauran ƙudaje ke ɗaukar garin fure daga wannan zuwa wancan. Saboda haka in an haɗa iri biyu a gona ɗaya, an fi samun 'ya'ya.

Wajen 'ya'yan ne mutum zai riƙe baki. Ta daji ba ta wuce gurjiya ba, kusan duk ƙwallo ne da fata. Wannan kuwa ta kan kai goro, wata har ƙwan zabuwa. Ana cin ta tana ɗanya, lokacin da koren ya fara juyawa zuwa rawaya. In an ciza sai a ji ƙaras, ga ruwa, ga zaƙi da ɗan tsami. Daga nan ta samo sunan tuffa. Amma ku raba ta biyu ku gani. Tuffa ta ainihi tana da ɗakuna biyar a ciki, da ƙananan ƙwayoyi. Wannan ƙwallo ɗaya ne mai tauri. Ta kuma fi tuffar kwali yawan bitamin C nesa ba kusa ba, watau abin nan da ke cikin lemo mai ƙarfafa dasashi da taimakon miki ya warke.

Abin da ya sa ta ke jure wa ƙasarmu yana ƙarƙashin ƙasa. Saiwarta ta kan nutsa can ƙasa neman laima. In bazara ta yi tsanani, sai ta zubar da ganye ta huta, ruwa na sauka ta sake tohowa. Watau tuffa barcin sanyi ta ke yi, magarya kuwa barcin zafi.

Ga inda mutane su kan yi hasara. Wanda ya shuka ƙwallonta ba lalle ya sami irin uwar ba. Sau da yawa abin da zai fito ya fi kama da ta daji, bayan ya yi shekaru yana jira. Hanyar da ta tabbata ita ce aure, kamar yadda a ke yi wa mangwaro. Abin daɗin shi ne, mu ba mu rasa gindin da za a ɗora ta a kai ba. Kowace magarya da ke gonarku, wadda ku ke sara kowace shekara wajen sharar gona, gindi ce da ta riga ta kafu. A sare ta kusa da ƙasa da bazara. In ta yi toho, a zaɓi ɗaya ko biyu masu ƙarfi, a bar su su kai kaurin fensir. Sa'an nan a datse kan tohon, a tsaga shi kaɗan da wuƙa mai kaifi. A fiƙe ɗan reshen mai gata ta gefe biyu, a cusa shi cikin tsagar, ɓawo ya haɗu da ɓawo, a ɗaure da leda tam. In ya kama, cikin 'yan makonni za a ga idonsa ya buɗe. Sau da yawa ba ta kai shekara biyu sai ta fara 'ya'ya. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi malamin gona ko mai lambun mangwaro ya nuna masa, gama hannu ya fi karatu koyar da wannan.

Bayan aure sai tsaro. Duk tohon da ya fito ƙasa da ɗaurin, na ta daji ne, a cire shi nan da nan, in ba haka ba zai kashe baƙon. A yi mata shinge saboda awaki. Kowace bazara a rage mata rassa sosai, domin a kan sabon reshe ta ke yin fure.

Ba za mu ɓoye muku aibinta ba. Ba ta ajiyuwa kamar ta daji, wadda a ke shanyawa ta yi watanni. In an tsinke ta, 'yan kwanaki ne, sai a kai kasuwa. Akwai wani ƙuda da ke huda 'ya'yan ya yi ƙwai, su zama tsutsa. Waɗanda suka faɗo ƙasa a tsince su kullum a binne da zurfi. In kuma ruwa ya ɗauke da wuri, tana son a ɗan ba ta ruwa sa'ad da 'ya'yan ke girma, in ba haka ba su tsuke. Saboda haka wanda zai gwada ya fara da gindi biyu ko uku na kusa da rijiya, ya bar sauran yadda su ke, gama ana bukatar ganyensu da busassun 'ya'yansu a gida.