Ba Kowane Zafin Ciki Ne Olsa Ba

A Gawon Nama, inda Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yake, da wuya ka zauna cikin masu jiran ganin likita ba ka ji wani ya ce olsa ce ta kawo shi ba. Ka tambaye shi wa ya auna shi, sai ya ce ai shi ya san jikinsa. Ƙwannafi olsa, kumburin ciki olsa, yunwar azumi ma olsa.

Gyambon ciki na gaskiya, wato olsa, miki ne a bangon tumbi ko a farkon hanji. Yunwa ba ta haƙa shi, sai dai ta tsokano zafinsa. Babbar mai laifi wata ƙwayar cuta ce, Helicobacter pylori, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka bankaɗo a 1982. Da 'yan uwansu likitoci suka yi musu kunnen uwar shegu, sai Marshall ya ɗaga ruwan da ya raini ƙwayar a ciki ya shanye a 1984, ya kuwa kamu da ciwon tumbi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel. Masu bi wa ƙwayar a laifi su ne magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da asfirin, waɗanda ɗan kabu-kabu da lebura ke saya a kemis su haɗiya kafin barci.

Ana neman ƙwayar a bayan gida ko a numfashi, amma wanda ke shan omeprazole sai ya dakata mako 2 kafin awon, in ba haka ba ta ɓuya. Idan ana son ganin mikin ido da ido, sai a zura siririn tiyo mai kyamara ta baki.

A wurina, rabin aikin yana hannun malamar jinya, domin ita ke yin tambayar da ake jin nauyinta: "Baba, ka yi haƙuri, yaya launin bayan gidanka?" Idan baƙi ne wuluk kamar kwalta, ko akwai jini a amai, mai yiwuwa mikin na zubar da jini ne. Nan take za ta duba bugun zuciya da awon jini, ta leƙa fatar ido, ta shirya ƙarin ruwa, ta kira likita. Dattijon da ke ramewa ko abinci ke tsaya masa a wuya kuwa, ba a sallamarsa da kwalbar farin magani, don ciwon daji ma kan fara da haka.

Malamar jinyar ce kuma ke fama da masu jinya kan madara, wadda ke sanyaya ciki na ɗan lokaci sannan zafin ya dawo. Maganin ƙwayar haɗi ne, galibi na kwana 14, amma wasu da sun ji sauƙi a kwana na huɗu sai su tura sauran ƙarƙashin katifa. Bayan an shanye duka, ana jira mako 4 a sake awo.